Babban asibitin koyarwa ko FMC na ƙaramin gari? Ku ba ni shawara kafin Litinin

Ɗan Autan Hajiya: Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Na daɗe ina leƙe a zauren nan ban taɓa tofawa ba, yau dai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce, na ci Firamare (jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa, wato residensi) a likitancin iyali, na je intabiyun neman gurbin horon wuri uku, biyu sun kira ni. Na farko babban asibitin koyarwa ne a garinmu, daga gida zuwa ƙofarsa bai fi minti ashirin a adaidaita ba. Na biyu FMC ne, wato asibitin gwamnatin tarayya, a wani ƙaramin gari, tafiyar awa huɗu in hanya ta yi kyau. Ba zan kama suna ba, don na san wasu ogannin wuraren suna cikinmu. Hajiyata tana da ciwon suga, ni ke duba ta, kuma iyalina tana koyarwa a nan cikin gari. Duk wanda na tambaya a gida cewa yake ai ba ma abin tambaya ba ne, a zauna a babban asibiti. Amma wani yayana a makaranta ya ce min in har da gaske nake son zama likitan iyali, in tafi FMC ɗin. FMC sun ce in kai amsa ranar Litinin. Me za ku ce?

Mai Aska: Wa alaikumus salam. Tambayata ɗaya: horon shekara huɗu ko fiye don ka koyi rubuta Panadol da takardar tura mara lafiya wajenmu? Ka zo tiyata kawai mu ba ka wuƙa.

Maman Iman: Mai Aska, ba ka gajiya. Jiya ma wata da kuka yi wa aiki ta dawo hannunmu a GOPD, sashen duba marasa lafiyar da ba a kwantar ba, hawan jininta ya kusa taɓa rufi, ba wanda ya ce mata ta ci gaba da shan magani. Ku yanka ku ɗinke, mu mu zauna da mutum shekara ashirin.

Ƙanena, bar shi, wasa yake. Kafin a shiga maganar wane ya fi wane, ɗauko takardun biyu ka sake karantawa da kyau. Shin ɗaukar aiki ce mai albashi, sunanka zai shiga jerin ma'aikatan asibitin, ko kuwa sufanumarari ce, wato an ba ka wurin horo amma albashinka yana wuyan jiharku ko wanda ya turo ka? Na ga mutane sun yi murna sun yi walima, sai da suka fara aiki suka gane ba asibitin ne zai biya su ba. Wannan na farko kenan.

Ɗan Autan Hajiya: Anti, na duba. Duka biyun cikakkiyar ɗauka ce, da matakin albashi a rubuce.

Maman Iman: Alhamdulillah, to an wuce babban rami. Saura amincewar kwaleji. Kada ka yarda da "ai muna da ita" ta baki. Kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas da kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma kowacce da nata zuwan dubawa, kowacce da takardarta. Ka tambaya: wacce ce ta amince da sashen, cikakkiya ce ko ta wucin gadi, yaushe za ta ƙare, kuma mutum nawa aka yarda su horar. Watannin da ka yi a wurin da ba shi da amincewa ba a lissafa maka su ranar neman shiga jarrabawa. Za ka yi kol, wato kwanan aiki a asibiti, za ka sha wahala, amma a takarda kamar ba ka yi komai ba.

Likitan Karkara: Maman Iman ta faɗi na takarda, bari in faɗi na hannu. Ni a ƙaramin asibiti na yi nawa horon, kuma da za a mayar da ni baya can zan sake komawa.

Ɗana, ka gane yadda shekarun farko suke. Kusan shekara biyu za ka yi kana zagaye sassa: yara, mata da haihuwa, tiyata, cututtukan manya, ƙwaƙwalwa, ido, kunne da hanci da maƙogwaro, sa barci, hatsari da gaggawa. A babban asibitin koyarwa kowane sashe da ka shiga yana da nasa 'ya'yan. Ka je ɗakin haihuwa, akwai masu horon mata birjik, kowa yana neman cika littafinsa. In aka samu mai buƙatar CS, wato tiyatar ciro jariri, babban rijistara (wanda ya yi nisa a horon) ne zai yi, ƙaramin rijistaransu ya taimaka, kai baƙo ne, in ka yi sa'a ka riƙe ƙarfen buɗe ciki. Wata uku za su wuce, a sa maka hannu a littafi, amma in aka bar ka kai kaɗai da mai naƙuda da dare gabanka zai faɗi. Ba laifin kowa ba ne, kowa ɗansa yake fara ba wa nono.

A inda na yi, ba masu horon mata, ba na tiyata. Mu ne. Kwansaltan (ƙwararren da ya gama horo) na mata guda ɗaya ne, kuma ya fi kowa son mu iya, don in ba mu iya ba shi ne ba zai yi barci ba. Kafin in zauna Part 1, jarrabawar tsakiyar horo, na yi CS da hannuna ba adadi, na yi ƙaba, na yi afendis, na iya allurar kashin baya, na san yadda ake tsayar da jijjiga da zubar jini bayan haihuwa ba tare da na tsaya neman lambar waya ba. Yau ina babban asibitin wata ƙaramar hukuma, likitoci uku ne mu duka. Abin da na koya a can shi nake ci.

Kuma ku tuna asalin fannin nan a ƙasarmu. Asibitocin mishan irin su Evangel na Jos, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, da na Baptist a Ogbomoso, suna cikin waɗanda suka fara rainon sa, lokacin ma ba a fara kiran sa likitancin iyali ba. Likita ɗaya ya duba yaro da safe, ya karɓi haihuwa da rana, ya shiga tiyata da dare. Daga can muka fito.

Dr Zee: Cif, da girmamawa, akwai ɗaya gefen da ba ka faɗa ba. Yin abu sau ɗari ba shi ne iya shi ba. Mutum zai iya maimaita kuskure sau ɗari in babu mai tsayuwa a kansa. Ni na fara a irin wannan ƙaramin wuri, na bari bayan wata goma sha ɗaya. Wata na biyu da zuwana aka bar ni da kol ni kaɗai, kwansaltan yana wani gari sai ranar Talata yake shigowa. Na kira shi a kan wata yarinya mai sikila da numfashinta ya canza, wayar a kashe. Allah ya taimaka ta tashi, amma a daren na san ba horo nake yi ba, cike gurbi nake yi. Ba gabatar da darasi, ba nazarin mujallu, ba mai tambayar ka me ya sa ka ba da wannan magani ba wancan ba. Da na koma asibitin koyarwa ne na fara jin ana maganar abin da ya bambanta mu da sauran: yadda ake zana bishiyar iyali, yadda ake tambayar mara lafiya me yake tsoro da me yake zato ya same shi, yadda ake gane matar da ke zuwa kowane mako da ciwon jiki alhali damuwar gida ce ke cin ta. Waɗannan su ake tambaya a jarrabawa, ba yawan cikin da ka buɗe ba.

Likitan Karkara: 'Yata, ban musa ba. Wurin da kika faɗa ba wurin horo ba ne, ko da takardar amincewa ta cika bango. Ni inda na yi, ogana a cikin asibitin yake kwana. Sai dai in tambaye ki: matar nan mai damuwa, a layin GOPD na babban asibiti inda kati ya fi ƙarfin likitoci, minti nawa kike samu da ita?

Dr Zee: Wannan kuma ka kama ni, Cif. Wata ranar ko kujera ba ta gama ɗumi ba an turo na gaba.

Mai Aska: Wallahi ina jin daɗin faɗan nan. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa, ban da wasa. Masu likitancin iyali da ke zuwa mana fostin, wato zagayen sashenmu, wanda ya nace yana samu. Akwai wata da ta riƙa zuwa kol ɗin da ba nata ba, ta zauna har biyun dare, kafin ta tafi ta yi ƙaba da kanta ina tsaye. Mafi yawa kuwa ƙarfe huɗu sun ɗauki jaka. Kada a ɗora mana duka laifin.

Baban Khalifa: Ni ta gefen gida zan shigo, don naga kowa ya manta da Hajiya. Malam, residensi ba wata shida ba ce. In komai ya tafi daidai shekara huɗu da ɗoriya, kuma yaushe komai ya taɓa tafiya daidai? A 2021 ƙungiyar NARD ta likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki daga farkon Agusta har farkon Oktoba, fostin ɗin mutane da yawa ya goce. Ka faɗi jarrabawa sau ɗaya, sai ka jira zama na gaba, tunda sau biyu ake yi a shekara. Ka lissafa shekara biyar ko shida kana bin hanyar awa huɗu duk Juma'a, da halin da hanyoyinmu suke ciki, da kuɗin mota, da haya biyu, da tukunya biyu. Ni na yi, na san abin da ya ci min. Ɗana na fari sai da ya yi wata uku yana ƙyuya ta. In Hajiya ta samu matsala da tsakar dare, CS ɗari da ka iya ba za su kawo ka gida ba.

Ummu Aisha: Baban Khalifa ya faɗi gaskiya. Kuma ka tambayi matarka da kyau, ba irin tambayar da mazanmu ke yi ba bayan sun riga sun yanke hukunci. In za ta bi ka, aikinta fa? Canjin wurin aiki daga jiha zuwa jiha ba abu ne mai sauƙi ba.

Ɗan Autan Hajiya: Anti Ummu, mun yi magana. Ta ce duk wanda na zaɓa tana tare da ni, amma na ga fuskarta lokacin da na ambaci sunan garin. Hajiya kuwa cewa ta yi "je ka nemi iliminka, Allah ne ke duba ni ba kai ba." Wannan maganar ce ma ta fi hana ni barci.

Bature Baƙi: Gaisuwa daga Amurka. Abin ya ba ni dariya, don wannan muhawarar ita ce dai ake yi a nan duk shekara kafin a jera zaɓi. A nan horon shekara uku ne, kuma ba kai ke karɓar takarda biyu ka zauna kana tunani ba. Kai ka jera asibitocin da kake so, su ma su jera waɗanda suke so, kwamfuta ta haɗa, a watan Maris a gaya maka inda ka faɗa, kuma dole ka je. Babban abin da masu neman likitancin iyali ke tambaya shi ne: asibitin nan mu kaɗai ne masu horo a cikinsa, ko akwai na sauran fannoni da za mu yi rububi da su? Daidai abin da Likitan Karkara ya faɗa. Wanda ke son yin aiki a ƙauye ya karɓi haihuwa yana neman inda su kaɗai ne. Wanda ke son koyarwa da bincike yana neman na jami'a. Don haka tambayar da zan yi maka, ƙanena: bayan shekara goma a ina kake ganin kanka? Amsar tana can.

Mai Aska: Bayan shekara goma yana Saudiyya ko Ingila kamar kowa, mu daina yaudarar kanmu.

Admin: Mai Aska, an sha faɗa, maganar fita waje tana da nata zaren. A tsaya a kan tambaya.

Baban Khalifa: Admin, a yi haƙuri, amma tana da alaƙa ta wani gefen. Sashen da ke da kwansaltan biyu, in ɗaya ya samu biza ya tafi, me ya rage? Yawan waɗanda aka yarda a horar yana tafiya ne da yawan masu horarwa. Babban asibiti in mutum biyu sun tafi ba a ji sosai. Ƙaramin wuri tafiyar mutum ɗaya tana iya girgiza amincewar gaba ɗaya.

Baba Malam: Na karanta duka tun daga sama. Na yi shekaru ina horar da yara a fannin nan, na kuma zauna a teburin jarrabawa, don haka bari tsoho ya sa baki.

Ɗana, takardar da za a ba ka a ƙarshe, ko FMCFM ta kwalejin ƙasa ko FWACP ta Afirka ta Yamma, sunan kwaleji ne a kanta. Ba a rubuta asibitin da ka yi horo. Don haka cire girman suna daga lissafinka, wannan na 'yan biki ne.

Inda na ga yara sun fi maƙalewa ba Part 1 ba ne. Part 1 karatu ne da ƙwazo, mai naci yana wucewa ko daga ina ya fito. Part 2, jarrabawar ƙarshe, ita ce ke cin shekarun mutane, domin a nan kana buƙatar wani. Za ka rubuta shawarar bincike, sai mai duba ka ya karanta ya gyara, kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince, a aika kwaleji, ta dawo da gyara, ka sake aikawa, kafin ma ka fara tara bayanai. Ga littafin marasa lafiyar da ka kula da su, shi ma sai an bi shi layi-layi. Ga kwasa-kwasan da kwaleji ta wajabta, na hanyoyin bincike da na gudanarwa. Ga fita karkara da zama a asibiti mai zaman kansa. In ogan da aka haɗa ka da shi yana ajiye takarda wata huɗu a mota bai buɗe ba, ko a Landan kake horo za ka tsufa a babban rijistara. Na san masu hannu kamar zinariya da suka yi shekara takwas ba su gama ba saboda wannan kaɗai.

Saboda haka kada ka tambayi shugaban sashe, zai gaya maka alheri ne kawai, ni ma haka nake yi. Nemi babban rijistaran da ya fi kowa daɗewa a kowane wuri, ka saya masa shayi, ka tambaye shi: cikin shekara biyar da suka wuce mutum nawa suka gama Part 2 a nan, kuma shekara nawa ta ɗauke su? Wa ke karanta takardu, kwana nawa take yi a hannunsa? In ka kira oga ƙarfe biyun dare yana ɗauka, in ya ɗauka yana zuwa? Fostin ɗin da ba ku da shi a gida, kamar ƙwaƙwalwa ko ido, ina ake tura ku, wa ke biyan masauki? Wasu kan je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, wasu cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, kuma zama wata biyu a garin da ba ka da kowa kuɗi ne. Sannan kuɗin tallafin horo na MRTF, wanda ya biyo bayan dokar horar da likitoci da aka sa wa hannu a 2018, ka ji ko sunayen mutanensu na fita a kan lokaci, don da shi ake rage nauyin kuɗin jarrabawa da na kwas.

Game da rigimar Likitan Karkara da Dr Zee, dukansu sun yi gaskiya, sai dai ni na fi karkata ga ƙaramin wuri in har akwai malami a ciki. Dalilina: ilimin littafi kana iya cike giɓinsa, yanzu ga darussa ta intanet, ga ƙungiyar likitocin iyali ta SOFPON da tarukanta, ga abokan karatu a waya. Hannu kuwa in bai koya a shekarun nan ba, da wuya ya koya bayan ka zama kwansaltan, don lokacin kunya ba za ta bar ka ka ce ban iya ba. Amma in babu malami, gara ka zauna kusa da mahaifiyarka ka yi irin nacin yarinyar da Mai Aska ya ba da labari.

Likitan Karkara: Ranka ya daɗe, ka gama magana.

Dr Zee: Baba, ni dai "in har akwai malami" ɗin nan nake so ya ja wa layi biyu.

Ɗan Autan Hajiya: Allah ya saka da alheri, Baba. Na bi shawararku tun jiya, ga abin da na samo. Babban asibitin: kwalejojin biyu sun amince, kwansaltan sun fi shida, amma wanda na yi magana da shi ya ce masu jiran a karanta musu takarda sun yi yawa, shi kansa shekararsa ta uku kenan a babban rijistara bai fara tara bayanai ba. Ya kuma ce CS biyu ya yi a duk fostin ɗinsa na mata. FMC ɗin: kwaleji ɗaya cikakkiya, ɗayar ta wucin gadi, ana jiran su dawo dubawa. Kwansaltan uku ne, biyu a cikin gidajen asibiti suke zaune. Mutum biyu sun gama Part 2 bara. Sai dai kol kwana ɗaya cikin uku ne, kuma an ce ɗaya daga cikin ogannin yana shirin tafiya hutu na shekara guda cur.

Maman Iman: Kwana ɗaya cikin uku? Tabɗi. To yaushe za ka riƙa zuwa gida?

Baban Khalifa: Abin da nake faɗa kenan. Kuma wanne ne zai tafi hutun, mai karanta takardun ko ɗayan?

Ɗan Autan Hajiya: Wallahi ban tambaya ba. Na dai kira sashen mulki na roƙi su ƙara min mako ɗaya, sun ce in rubuto a takarda. Yayata da ke aure a unguwarmu ta ce za ta karɓi duba sugan Hajiya in na koya mata na'urar, wani ɗan uwanmu kuma zai riƙa kai ta asibiti. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga motar farko in je in ga wurin da idona, wanda zai yi kol ya yarda in kwana tare da shi.

Likitan Karkara: Madalla. Kada ka tsaya a ofis. Shiga ɗakin haihuwa bayan sha biyun dare, ka ga ko akwai wuta, ko akwai jini a ma'ajiyar jini, ka ga wa ke zuwa in an kira. Ka tafi da tocila da rigar tiyata, in an samu aiki ka wanke hannu ka shiga.

Ummu Aisha: Ka tafi da ita ma ta ga garin, ta ga gidan da za a ba ku da makarantun da ke kusa. Gobe Asabar ce, ba ta da aji.

Ɗan Autan Hajiya: Anti, ta riga ta haɗa jaka tun kafin in tambaye ta.

Mai Aska: In an ba ka wuƙa ka turo mana hoton ɗinkin, ni zan ba da maki.